Hoton wasa yana yankewa a gefen tele, wane girma zan zaɓa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan abin nan. Na haɗa wata tsohuwar kwamfuta da filasma inci 32 a shagona, na zuba MAME, manhajar da ke kunna wasannin injin jeto a kwamfuta, da wasannin da, don manyan unguwa sun dame ni da tambayar Street Fighter da Metal Slug, su kuma yara sun fara gajiya da ƙwallo kullum. Wasa yana gudu lafiya, sauti lafiya, maneti lafiya. Matsalar hoton ne, ya fi ƙarfin fuskar tele. A Metal Slug rubutun nan na can ƙasa mai nuna jeto nawa ya rage ya nutse, kan haruffan kawai ake gani. A Street Fighter II makin da ke sama ya shige bakin tele. Ni kuwa da wannan rubutun na ƙasa nake lissafi da yara, yanzu kullum sai an yi gardama, wannan ya ce saura biyu, wancan ya ce saura ɗaya. A saitin Windows akwai 1920x1080, akwai 1366x768, da 1280x720, da 1024x768. Wanne zan zaɓa hoton ya zauna daidai?

Na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Kana cikin wasan ka danna Tab, ka shiga Slider Controls, akwai inda ake rage faɗi da tsawon hoto. Ka yi ta ragewa har rubutun ya fito. Haka na yi a nawa shagon, an wuce wurin.

Ƴar Garin Malam:
Yaya Ɗan Birni, kafin ka taɓa komai a MAME, fita daga wasan ka dubi fuskar Windows ita kanta. Sandar ƙasa mai agogo tana fitowa gaba ɗaya? Ka tura kibiyar linzami zuwa kusurwa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa inda kake ganinta ko ɓacewa take yi?

Ɗan Birni:
Ɓacewa take yi ta ko'ina. Sandar ƙasan ma rabinta kawai ake gani.

Baba Mai Tele:
To ɗana, za a bar jaki a daki taiki. MAME ba ta da laifi, kwamfutar ma ba ta da laifi, tele ce ke cin gefen, kuma da gangan take yi. Tun zamanin tele mai ƙaton baya haka ake ƙera su. Hoton waɗancan tsofaffin ba ya zama wuri guda: in wuta ta yi ƙasa ya tsuke, in ciki ya ɗau zafi ya ɗan buɗe, in ta tsufa ya karkace. Ga shi kuma gefen hoton da gidan tele ke aikowa ba shi da tsabta, akwai layuka da ƴan ɗige-ɗige da ba don mai kallo aka yi su ba. Sai masu ƙerawa suka buɗe hoton ya zarce gilashi kaɗan ta kowane gefe, dattin ya ɓuya a bayan firam. Su ma gidajen tele sun san da haka, shi ya sa ba sa rubuta abu mai muhimmanci daf da baki.

Da filasma ta zo ba ta bukatar wannan dabara, amma aka bar mata ita a ciki, har ta HDMI. Tana karɓar hoto cikakke daga kwamfutarka, ta buɗe shi kaɗan, ta zubar da abin da ya zarce. Mai kallon labarai ko fim ba zai taɓa lura ba. Sai an haɗa kwamfuta ko wasa asirin yake tonuwa.

Ka ɗauki telekomand ka shiga inda ake zaɓen siffar hoto, wurin da 16:9 da 4:3 da Zoom suke. Kowane kamfani da sunan da ya ba abin da kake nema. LG suna ce masa Just Scan, Samsung Screen Fit, Sony Full Pixel, Sharp Dot by Dot. A Samsung in ka canza sunan mashigar HDMI ɗin zuwa PC ma tana daina cin gefe. In kuwa irin telen nan ce da ake shigowa da su masu sunaye barkatai, duba bayanta ko akwai mashigar VGA mai shuɗin baki. Ta nan tele tana ɗaukar kanta allon kwamfuta ne, ba ta cin komai.

Na Sabon Gari:
Baba, da girmanka, amma ai duk kanwar ja ce. Ko a tele aka gyara ko a MAME, rubutun ya fito dai ko?

Mushe:
Ba ɗaya ba ne, Na Sabon Gari. In ka rage a MAME, kwamfuta ta matse hoton ke nan, sannan tele ta sake buɗe shi. An taɓa shi sau biyu, kowace taɓawa kuma tana cin kaifinsa, ƙananan rubutu su ne ke fara dushewa. Na biyu, abin da ka gyara a Slider Controls na wasa ɗaya ne tak, MAME tana ajiye shi a fayil ɗin wannan wasan cikin jakar cfg. Mai wasa ɗari sai ya yi gyara ɗari, kuma ranar da ya canza tele duk ɗarin sun zama kuskure, sai ya bi su ya warware. Gyaran tele kuwa sau ɗaya ne, ya wadatar da kowane wasa har da Windows.

Don a ga girman abin: Metal Slug layi 224 ne daga sama zuwa ƙasa. In tele ta ci kashi 3 cikin ɗari a ƙasa, kusan layi 7 ke nan. Ƙananan haruffan waɗannan wasanni tsawonsu layi 8 ne. Kun ga dalilin da kan haruffa kawai ya rage wa Ɗan Birni.

Ɗan Birni:
Alhamdu lillahi, Baba Allah ya ƙara girma. Tawa ba ta cikin waɗanda ka lissafa, amma a ƙarshen jerin, bayan Zoom 2, na ga an rubuta Just Scan. Ina dannawa agogon Windows ya fito fes, kibiya ta daina ɓacewa. Saura tambayata ta farko, wanne zan bari a cikin lambobin nan? Yanzu yana kan 1920x1080, amma rubutun Windows kamar da hazo-hazo.

Ƴar Garin Malam:
Wannan hazon alama ce. Da yawa daga cikin filasma inci 32 ɗigon gilashinsu na gaskiya 1366x768 ne. Suna karɓar 1080, har a rubuta a kwali, amma matse shi suke yi ya shiga 768. Ka duba lambar samfurin a takardar da ke manne a bayanta ka bincika, ko kuma ka gwada da ido: sa 1366x768, in babu ka sa 1360x768, ka buɗe wani rubutu ƙarami. Wanda haruffa suka fi kaifi a kansa shi ne nata. Dokar ita ce kwamfuta ta aiko da adadin ɗigon da gilashi yake da shi, kada a bar wa tele aikin matsewa ko buɗewa. A MAME kuma ka bar resolution a kan auto, switchres a kan 0, don kada ta riƙa canza girman allo duk lokacin da aka buɗe wasa. Wasu teloli suna mayar da cin gefen da zarar girman ya canza.

Ɗan Birni:
Gaskiyarki ƙanwata, 1366x768 ya fi kaifi nesa ba kusa ba. Amma yanzu wasan ya tsaya a tsakiya, baƙi a hagu baƙi a dama.

Na Sabon Gari:
Yauwa, an zo wurin. Wannan baƙin ne ba na so. Yaro ya biya dala goma ya zauna, ya ga rabin tele baƙi, cewa zai yi telenka ta lalace, gobe ya tafi shagon gaba. Ni na kashe keepaspect, saitin MAME mai riƙe siffar hoto, hoto ya cika fuska daga bango zuwa bango. Ba wanda ya taɓa yi mini ƙorafi.

Mushe:
Ba rabi ba ne, kashi ɗaya cikin huɗu ne. A fuska mai 1366 wasan yana ɗaukar 1024, saura 342, wato 171 kowane gefe. Kuma ba lalacewa ba ce, siffar wasan ke nan. Allon injinan jeto na da 4:3 ne, filasma kuwa 16:9. In ka ja shi ya cika, ka ƙara wa komai faɗi da sulusi. Ryu na Street Fighter ya zama gajere mai ƙiba, abin da yake da'ira ya zama ƙwai. Abin da ya fi damuna ma ba kyan gani ba ne. A wasan faɗa ido yana auna tazara, yana auna tsalle. In an ja hoto, tafiya ta gefe tana yi wa ido kamar ta fi sauri, tsallen sama kuma yana nan yadda yake. Yaron da ya koya a haka, in ya zauna gaban allo mai siffar gaskiya sai hannunsa ya rikice.

Na Sabon Gari:
Mushe, yaran Sabon Gari ba gasar duniya za su ba. Nishaɗi suka zo yi.

Mushe:
Ko nishaɗi ne, mutane sun zauna sun zana waɗannan hotuna ɗigo bayan ɗigo, suna duba yadda za su fito a allon 4:3. Dubi Metal Slug, tun 1996, har yau in tanka ta fashe sai mutum ya tsaya kallo. Ni ina ganin hakkin wannan aiki ne a nuna shi yadda aka yi shi, kuma hakkin yaron ne ya ga abin da muka gani. Rashin ƙorafi ba hujja ba ce, bai taɓa ganin na daidai ba balle ya kwatanta.

Ɗan Magarya:
Ni ina da tambaya kan wannan. Na duba bayanin Street Fighter II a MAME, an rubuta 384x224. Na raba, ya ba ni 1.71, wanda ya fi kusa da 16:9 a kan 4:3. Ashe ke nan Na Sabon Gari ne ya fi kusa da gaskiya a wasannin Capcom?

Ƴar Garin Malam:
Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Lissafinka daidai ne in ɗigon murabba'i ne, faɗinsa da tsawonsa ɗaya, kamar na filasma. Amma tsohon allo ba shi da ɗigo a kafe. Haske ne ke gudu daga hagu zuwa dama yana zana layi, injin wasan kuma shi ke yanke sau nawa zai canza launi kafin layin ya ƙare. Neo Geo na SNK yana canzawa sau 320, injin Capcom da ake kira CPS-1 sau 384, Mortal Kombat sau 400, duka kuwa a kan gilashi iri ɗaya mai 4:3. Ɗigon Capcom siriri ne, tsawonsa ya fi faɗinsa, masu zanen kuma da haka suka zana. In ka nuna 384x224 da ɗigo murabba'i, ka ja hoton ke nan ko da ba ka taɓa wani saiti ba. MAME ta san wannan, in keepaspect yana kan 1 ita da kanta take mayar da shi 4:3. Haka Cadillacs and Dinosaurs na 1993, wanda ake kira Mustafa, da Final Fight, duk injin ɗaya ne.

Baba Mai Tele:
Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Allon injinan nan a bayansa akwai ƴan maɓallan murɗawa, na faɗi, na tsawo, na matsarwa hagu da dama, sama da ƙasa. Mai injin in ya sa sabon wasa sai ya shiga shafin gwaji, wani raga mai layuka a tsaye da a kwance ya fito, ya yi ta murɗawa har layin waje ya zauna a bakin gilashi. Wannan ragar tana nan cikin wasannin har yanzu. A MAME ka danna F2 a wasan Capcom ka shiga shafin gwaji za ka same ta. Da ita za ka tabbatar ba abin da ya yanke, in layin waje ya fito ta gefe huɗu to shi ke nan.

Ɗan Birni:
Na ga ragar, ta fito duka. Amma na lura da wani abu. In bango yana tafiya sama ko ƙasa, kamar a wasannin jirgi, sai in ga hoton yana ɗan rawa, wasu layuka sun fi wasu kauri. Ido ne ko da gaske ne?

Mushe:
Da gaske ne, lissafi ne ya kawo shi. Raba 768 da 224, za ka samu 3.43. Gilashi ba ya iya kunna rabin ɗigo, don haka wani layin wasan yana samun layi 3 na tele, wani ya samu 4. In hoto yana tsaye ba ka damu ba. In yana tafiya, abu ɗaya yana ratsa siririn layi da mai kauri bi da bi, shi ne rawar da kake gani. Magani biyu ne. Ko a shafa hoton ya yi laushi don bambancin ya ɓace, ka rasa kaifi, ko a ninka shi da cikakkiyar lamba. A telenka ninki 3 ne: 224 sau 3 ya ba da 672, saura 96, wato baƙi 48 a sama, 48 a ƙasa. Faɗin da ya dace da 672 a 4:3 shi ne 896. A mame.ini, fayil ɗin saitin MAME, ka sa unevenstretch 0, unevenstretchx 1. Ma'anarsa tsawo ya ninku da cikakkiyar lamba, faɗi kuma a bar shi ya bi 4:3. Ido ya fi yafe rashin daidaito a faɗi.

Mai tele 1920x1080 ta gaske ya fi samun sauƙi. Ninki 4 ya ba shi 896 a tsawo. Wasan Capcom in ya ninka faɗin sau 3 ya samu 1152, kuma 1152 da 896 ya kusa 4:3 ƙwarai, bambancin bai kai kashi 4 cikin ɗari ba. Ka ga duka ɓangarorin biyu cikakkun lambobi, babu rawa ko kaɗan.

Na Sabon Gari:
Wato bayan baƙin hagu da dama, yanzu an ƙaro na sama da ƙasa. Tele inci 32 ta koma ta inci 20. Wallahi ba zan yi wa kwastomomina haka ba.

Ƴar Garin Malam:
A nan kam ina tare da kai rabi, Yaya. A allon 768 ninki 3 yana ƙanƙanta hoto sosai, kuma shago ba ɗakin mutum ɗaya ba ne, akwai ƴan kallo a tsaye a baya. Akwai tsaka-tsaki. A bar hoton ya cika tsawo, 1024x768, a sa prescale 3 tare da filter 1. MAME za ta fara ninka shi sau 3 da kaifinsa, sannan ɗan abin da ya rage ta shafa shi. Rawar ta ragu sosai, hoton bai zama kunu ba. A RetroArch, wata manhajar kunna wasannin da, akwai abin da ke yin wannan aiki, sunansa sharp-bilinear. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ja zuwa 16:9. In baƙin gefe ne damuwarka, MAME tana karɓar zanen firam da ake sa wa a gefe, irin na jikin injin wasan, sai fuska ta cika ba tare da an taɓa siffar hoton ba.

Ɗan Magarya:
Ni a gida a 1080 nake, kuma ninki 5 nake yi ba 4 ba. 224 sau 5 ya ba da 1120, ya zarce da 40, wato layin wasa 8 ne kawai ke fita, 4 a sama 4 a ƙasa. Hoto ya cika tsawo, layuka daidai wa daida. Ana kunna shi da intoverscan 1. Ai Baba ya ce tun asali ana cin gefe.

Baba Mai Tele:
Tele ta gida ce na ce tana ci, ɗana. Masu yin wasan gida sun san da haka suna barin fili. Masu yin wasan injin jeto sun san mai injin zai daidaita allo da raga, don haka wasunsu suna rubutu har bakin layi. Naka zai yi kyau a wani wasan, a wani kuma ka yanke abin da muka wuni muna nema wa Ɗan Birni.

Ɗan Magarya:
Haka ne, shi ya sa nake duba kowane wasa. Wanda bai da rubutu a baki na ba shi 5, mai rubutu na bar shi a 4. A RetroArch ana iya ajiye saitin wasa ɗaya daban. Amma ga wata: a King of Fighters da wasu na Neo Geo wani lokaci ina ganin siririn baƙi ko ɗan datti a hagu da dama, ko da komai yana daidai.

Ƴar Garin Malam:
Wannan daga wasan ne. Neo Geo yana fitar da 320, amma wasanni da yawa 304 na tsakiya kawai suke amfani da shi, ɗigo 8 na kowane gefe an bar su don a ɓoye. Wannan shi ne wurin da yankewa take halal. FinalBurn Neo, wani mai aiki irin na MAME, shi ma yana nuna da yawansu a 304x224. Kuma 304 sau 4 ya ba da 1216, in ka haɗa da 896 ya kusa 4:3.

Mai Kanti Zango:
Salamu alaikum, na shigo a makare. Ni tawa ba tele ba ce, kwamfutar hannu ce, kuma WinKawaks nake amfani da shi wajen kunna wasannin, ba MAME ba. In na cika allo, hagu da sama lafiya, amma dama da ƙasa sun tafi da yawa, ɗan wasa na biyu ma rabin jininsa ba a gani. Ba telekomand balle in nemi abin da Baba ya ce.

Ƴar Garin Malam:
Wa alaikumus salam. Yadda yankan yake shi ke nuna mai laifi. In gefe huɗu ne daidai kuma kaɗan, tele ce. In dama da ƙasa ne kawai kuma da yawa irin naka, yawanci Windows ce. Kwamfutocin hannu suna zuwa da ƙarin girman rubutu a kan 125% ko 150%, tsofaffin manhajoji kamar WinKawaks kuma an rubuta su tun kafin wannan tsari, sai Windows ta buɗe hoton nasu ya zarce allo. Ka mayar da shi 100% a saitin allo ka gani. In ya gyaru kuma ba ka son rubutunka ya ƙanƙance, ka danna dama a kan fayil ɗin manhajar, ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka sa manhajar ta riƙe girman hotonta da kanta. In kuma hoton ya matsa ne gefe ɗaya, baƙi a nan yanka a can, kuma ta VGA aka haɗa, maɓallin Auto na jikin allon ne maganinsa. Sai in wasa ɗaya ne tak ke yi sauran lafiya, sannan a tuhumi MAME, a goge fayil ɗin cfg na wasan ya koma yadda ya zo.

Mai Kanti Zango:
A 150 yake. Na mayar 100, ya zauna. Allah ya saka da alheri malama.

Baba Mai Tele:
Duk wannan lissafin ninki da kuke yi, saboda filasma ne. Tele mai ƙaton baya ba ta san shi ba, layi nawa aka ba ta shi take zanawa. Ina da su jibge a shago, masu su sun sayi filasma sun bar mini. Waɗanda suka zo daga Faransa suna da Péritel a baya, mashigar nan mai faɗi mai ƙafa 21, don a 1980 doka ta wajabta ta a can. Ta nan ana shigar da ja da kore da shuɗi kai tsaye, irin yadda allon injin jeto yake karɓa, kuma ba ruwanka da rigimar tsarin launi, SECAM tamu ta Nijar da PAL ta Najeriya. Sai dai ba a haɗa ta da kwamfuta haka kawai. Tele tana zana layi wajen 15,600 a sakan, VGA kuwa mafi ƙarancinsa wajen 31,500 yake fitarwa, ninki biyu. In ka tura mata wannan, hoto ba zai tsaya ba, kuma kana iya ƙona mata kayan ciki. Sai an sa kwamfutar ta sauko.

Kuma ina roƙonku, kada wanda ya buɗe bayan irin wannan tele don neman maɓallin rage hoto. Akwai wuta sama da volt 20,000 a jikin gilashin, tana iya zama a ciki bayan an cire waya. Ku kawo wa masu gyara.

Ƴar Garin Malam:
Abin da ke saukar da ita shi ne GroovyMAME, wani nau'in MAME da aka yi don tele mai ƙaton baya, tare da manhajar CRT Emudriver a katin hoto na AMD. Yana ba kowane wasa adadin layinsa da saurinsa na asali. Mai ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi kuma yana iya fitar da layi 240 ta wayar bidiyo mai ruwan ɗorawa, amma in telen ba ta karɓar tsarin launin NTSC hoto zai fito fari da baƙi.

Mushe:
Batun saurin nan yana da muhimmanci ko a filasma. Tele tana sabunta hoto sau 60 a sakan, wasannin kuwa kowa da nasa. Neo Geo wajen 59.2, Capcom wajen 59.6, Pac-Man 60.6, waɗannan sun kusa, da wuya a lura. Amma R-Type 55 ne, Mortal Kombat ma bai kai 55 ba. In ka kunna syncrefresh ka ɗaure su da 60, Mortal Kombat zai yi gudu da ƙarin kusan kashi 10 cikin ɗari. Ɗan Birni, ka bar wannan a kan 0, ka kunna waitvsync kawai don hoto ya daina tsagewa a tsakiya.

Na Sabon Gari:
Ni dai babbar telen shagona tana nan a cike, ban canza ra'ayi ba. Amma zan gwada zanen firam ɗin nan a ƙaramar in ga abin da yara za su ce. Tambayata ita ce Pac-Man da 1942. Su kam ko ni ban iya ja su ba, sun yi muni da yawa, in na bar su kuma siririn abu ne a tsakiya.

Mushe:
Su allonsu a tsaye aka kafa shi, 3:4. Pac-Man 224 ne a faɗi, 288 a tsawo, 1942 kuma 224 da 256. A tele 1080 faɗinsu 810 ne kawai cikin 1920, a mai 768 kuwa 576. Ba saitin da zai gyara wannan, sai dai a juya allon. Shawarata ka nemi tsohon allon kwamfuta inci 17 ko 19, irin na ofis mai 1280x1024, ka kafa shi a tsaye don waɗannan kawai, ka kunna autorol ko autoror, masu juya hoto a MAME, gwargwadon ɓangaren da ka juya shi. Irin wannan allo ko a kwance ya fi filasma dacewa da wasannin da. 4:3 a kansa 1280x960 ne, baƙin da ke saura 32 ne kawai sama da ƙasa. Wasa mai layi 240 ninki 4 ya ba da 960 cif, R-Type mai 256 ninki 4 ya ba da 1024 cif. Kuma allon kwamfuta ba ya cin gefe.

Na Sabon Gari:
Wannan ta shige ni. Baba, ana samunsu a kasuwar Dole?

Baba Mai Tele:
Ana samu wurin masu tsofaffin kayan kwamfuta, ni ma sukan faɗo hannuna. In za ka saya ka sa a kunna maka shi da farin hoto sannan da baƙi, ka duba ko akwai mataccen ɗigo ko gefe mai ja-ja, alamar fitilar ciki ta gaji. Ka tsaya ta gefe ka kalle shi yadda zai kasance in an juya, don wasu in aka tsayar da su ɓangare ɗaya yana yin duhu, sai ka juya shi ta ɗayan hannun. Ramukan iskarsa kuma a sama da ƙasa suke, in ka juya sun koma gefe, zafi ba ya fita yadda ya kamata. Da zafin Damagaram na watan huɗu da na biyar, in za ka sa shi cikin akwatin katako ka huda bayan akwatin, ka sa ƙaramar fanka irin ta kwamfuta, kuma lokacin hunturu ka riƙa busa masa ƙura.